Baba Sannu da Ƙonanniyar Safar Hannu

Duk wanda ya tambaye ni yadda aka yi Gwaggo Talatu ta dawo daga Sin da karyayyen hannu, ce masa nake haɗarin mota ne. Ban yi ƙarya ba. Abin da nake bari a cikina shi ne ni na zaɓi motar, kuma kafin in zaɓe ta sai da na kusa raba wani tsoho da abincinsa. Shekara guda ke nan da dawowarmu, har yau idan ruwa ya tsuge ina cikin tasi sai ranar ta dawo mini sabuwa. Na kasa faɗa da baki, shi ya sa na ɗauki biro.

A daminar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik muka sauka Guangzhou, ni da Gwaggo, yayar mahaifina. Wandon jins take sayarwa a kasuwar Kwari ta Kano, ta daɗe tana zuwa saro kaya, amma idonta ya fara rauni, ba ta iya karanta takardun kwantena. Ni kuwa budurwa ce, na gama sakandare ina zaune a gida, sai ta ce in zo in zama idonta. Bizar wata ɗaya tak aka ba mu. A shekarar 'yan kasuwa da yawa ba su samu shigowa ba, wanda ya shigo kuma fasfonsa na aljihu ko sallah za shi, don ko ina ana dubawa. A Xiaobei, unguwar da baƙaƙen fata ke hada-hada, shaguna sun yi tsit. 'Yan matan kanti na hango mu sai su taso suna kiran Gwaggo "laoban", wato mai gida, har suna jan mayafinta.

Abinci muna ci ne a gidan Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi, a hawa na shida na wani dogon bene. Tuwon shinkafa da miyar kuɓewa take yi, maza a falo, mata a ɗakin ciki bayan labule. Shekara goma take a garin, tana jin Sinanci irin na kasuwa, kuma kowa "kai" ne a bakinta, namiji da mace. Ranar farko ta dube ni ta ce wa Gwaggo, "Wannan yaronka ya cika tsoro, ko cokali ya faɗi sai ya zabura." Aka yi mini dariya. Gaskiya ta faɗa.

Mahaifina direba ne, Kano zuwa Jos. Ina aji shida na firamare wata babbar mota ta hau kansa. A zaman makoki na ji mata suna magana ƙasa-ƙasa, wai mai motar kowace shekara sai ya ba ta jini dukiyarsa ke ƙaruwa, wai irin waɗannan motoci idan ka duba za ka ga an rataye wani abu a gaba. Ina bayan ƙofa ina ji. Ba wanda ya san na ji, ba kuma wanda ya taɓa ce mini ba haka ba ne.

Xintang can ne ake ɗinka jins, tafiyar sama da awa ɗaya daga masaukinmu. Hausawa kusan duka direba ɗaya suke ɗauka, wani tsoho ɗan siriri mai furfura da 'yar farar bas. Ba wanda ke kiransa da sunansa na Sinanci. Baba Sannu ake ce masa, wai don ba ya sauri. Shi ma ya karɓi sunan, idan aka kira sai ya ɗan sunkuyar da kai.

Da safen da za mu fara zuwa, na tsaya ina kallonsa. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa kowace taya da bayan yatsa, yana kasa kunne. Ya cire takalminsa na fata ya saka wani na yadi mai siririn ƙasa. Da muka shiga sai na ga hoto a gaban motar, baƙi da fari, wani mutum da hular kwano da tabarau irin na masu walda, yana jingine da wata mota mara rufi mai lamba a jiki. A gaban hoton lemon zaƙi ɗaya da turaren tsinke yana hayaƙi. A jikin madubi kuma safar hannu guda biyu a rataye, sun yi baƙi, sun ƙanƙance, yatsun sun lanƙwashe kamar har yanzu da hannu a ciki. Kafin ya tada motar ya taɓa su da yatsa biyu, bakinsa ya motsa.

A watan kuma duk inda muka bi sai mu ga mutane a bakin titi suna ƙona takardu a cikin gwangwani. Daga baya na ji wata ne da suke tuna matattunsu. A lokacin ban sani ba. Na rintse ido daga Xiaobei har Xintang, ina karanta duk abin da na haddace, na riƙe hannun ƙofa har yatsuna suka sage. Gwaggo kuwa barcinta ta sha.

Da muka dawo gidan Hajiya, hannuna a cikin tuwo, na ce wa Gwaggo ni ba zan ƙara shiga motar nan ba, mutumin nan tsafi yake yi, safar hannun nan jini ne ya bushe a jikinta. Na ɗauka a hankali na faɗa. Labule ne kawai tsakaninmu da maza. Sai na ji wata murya a falon ta ce, "Ashe."

Kwana uku maganar ta dawo mini ta bakin wata 'yar Zinder da muka haɗu a lif ɗin benen. Ta ce in yi hankali da tsohon nan mai farar bas, an ce ya taɓa kashe 'yan Mali uku a hanyar Nansha inda tashar jiragen ruwa take, an ce kowace damina sai ya ba da baƙo ɗaya, kuma wata yarinya 'yar Kano ta ga jinin da idonta. Na ce Allah ya kiyaye. Ban ce mata ni ce yarinyar ba.

Hajiya Memuna ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce shekara goma tsohon nan ke ɗaukar kayan mutane, ko maɓalli bai taɓa ɓata ba, ko kaza bai taɓa takewa ba. Ba wanda ya saurare ta. Alhaji Isuhu na Maradi, dattijon da ake jin maganarsa a falon, shi ya fi kowa daɗewa da Baba Sannu. Ya riƙe shi mako guda, amma da abokan haɗa kwantenarsa suka ce ba za a sa kayansu a motar ba, shi ma ya saki.

Kowa ya koma wajen wani saurayi mai rinannen gashi da aka laƙaba wa Harsashi. Ya iya kalma biyu ta Hausa, "mu je, mu je", kuma da su yake tuƙi. Kiɗa a kunne, taba a baki, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a waya. 'Yan kasuwa suka ce ai ga direba, sau biyu yake zuwa Xintang kafin tsohon ya je sau ɗaya. Ni na ce wa Gwaggo mu bi shi. Na leƙa gaban motarsa, babu hoto, babu turare, sai kwalin taba. Hankalina ya kwanta.

Kullum da safe idan muka fito sai mu wuce Baba Sannu a ƙarƙashin wata bishiya, yana goge motar da babu wanda zai shiga. Ya ɗaga kai ya gaishe mu. Gwaggo ta amsa, ni in kau da kai. A mako na uku Hajiya ta faɗa mana, tana kwashe tuwo ba ta kalli kowa ba, cewa tsohon ya samu mai sayen motar. Ƙarshen wata zai miƙa makulli ya koma ƙauye. Ba shi da wata sana'a, kuma a shekarunsa babu kamfanin da zai ɗauke shi. Na janye hannuna daga tuwon. Amma na ce wa kaina ai ni abin da na gani na faɗa.

Ranar da muka je ɗauko kayanmu na ƙarshe, tun hantsi gari ya haɗe. Masu ɗinki suka ce guguwar teku ce ke tafe, mu jira ta wuce. Harsashi ya ce mu je, mu je. Aka cusa diloli a bayan bas har rufi, ba a ɗaure su ba. Gwaggo na bayan direba, ni ina gefenta. Ba mu yi nisa ba ruwa ya sauko, irin wanda ban taɓa gani a Kano ba, kamar ana juye randa a kan gilashi.

Can gabanmu na hango farar bas tana tafiya a hankali, fitilunta a kunne. Baba Sannu ne, motarsa wayam. Daga baya na ji ya je neman lodi wajen 'yan uwansa Sinawa ne bai samu ba. Harsashi ma ya gane shi. Ya yi dariya, ya danna hon, ya matse shi ta baya. Sai na ga hannun tsohon ya fito ta taga cikin ruwan nan. Ya kauce gefe ya ba mu hanya, amma hannun bai koma ba, yana ta sauke tafinsa ƙasa, yana sake saukewa. Ko ni da ban iya tuƙi ba na gane abin da yake cewa. Harsashi ya taka totur ya wuce shi yana ɗaga masa yatsa.

Gaba kaɗan hanya ta yi kwana ta gangara, ruwa ya kwanta a wajen. Na ji ƙarar taya ta ɗauke gaba ɗaya, motar ta yi sakayau kamar ba a ƙasa take ba. Harsashi yana murɗa sitiyari hagu da dama, babu abin da ke amsa masa. Muka juya, muka daki ƙarfen gefen hanya, muka kife a cikin lambatu ta ɓangaren direba.

Abin da nake tunawa shi ne warin shuni. Diloli sun zubo sun danne Gwaggo, fuskarta kaɗai nake gani, tana salati a hankali. Ruwa na shigowa ta tagar ƙasa, ruwan kasa-kasa mai sanyi, ya kai mata kafaɗa. Na ja dila ɗaya, ko motsi bai yi ba. Na kira Babana, wanda ya shekara bakwai a kabari. Motoci na wucewa a sama, ina jin feshinsu.

Sai ƙofar da ke samana ta buɗe, ruwa ya zubo mini a fuska, na ga furfura. Bai yi ihu ba, bai yi gaggawa ba. Ya miƙo hannu ya ɗago ni kamar buhun auduga, ya zaunar da ni a kan ƙarfen hanya, ya dafa kaina sau ɗaya. Ya zagaya ya fasa ƙofar baya da sifanar taya, ya dinga janyo diloli ɗaya bayan ɗaya yana jefarwa cikin ruwa, har ya kai ga Gwaggo. Kafin ya motsa ta sai da ya shafa wuyanta da bayanta. Ya ga hannun, ya cire rigarsa ya ɗaure mata shi a ƙirji. Sannan ya koma wa Harsashi, wanda ƙafarsa ta maƙale a ƙarƙashin sitiyari yana kuka kamar yaron goye. Da jak ɗin motarsa ya buɗa ƙarfen. Ya goyo shi a baya, tsoho da shi, ya hau gangaren nan da takalmin yadi.

A motarsa babu wurin zama sai gaba, don ya kwantar da su biyun a baya. Na zauna safar hannun nan tana lilo a gaban idona. Ya miƙo hannu ya ja mini bel ɗin kujera, ya ɗaura nasa.

Ban san yadda zan kwatanta tuƙin nan ba. Bishiyoyi na wucewa da gudun da ko Harsashi bai taɓa yi da mu ba, amma a cikin motar kamar muna zaune a tsakar ɗaki. Hannayensa biyu a kan sitiyari, a sake, kamar mai riƙe da jariri. Ba ya murɗawa, ɗan karkatawa kawai yake. Kafin kwana ta zo ya riga ya rage gudu, a tsakiyarta ya fara ƙarawa, ban taɓa jin lokacin da ya canja giya ba. Inda ruwa ya kwanta sai ya ɗaga ƙafa ya bar motar ta ratsa da kanta. Idonsa ba ya kan motar da ke gabanmu, yana can nesa inda ni ban fara gani ba. Sau ɗaya Gwaggo ba ta yi ƙara don girgiza ba. Sai da muka tsaya a ƙofar asibiti na lura ban rufe idona ba tun da muka taso.

Aka sa wa Gwaggo siminti a hannu, Harsashi a ƙafa. Ni ƙujewa ce kawai a goshi. Da la'asar Hajiya Memuna ta iso da kular abinci, ta same ni a baranda ina rawar sanyi. Ta ce Baba Sannu ya koma wajen haɗarin, ya tsince dilolin, ya kai sito. Kuma ya sa an rubuta cewa Harsashi ne ya kawo, don kada a ce yaron ya zubar da kayan mutane a daina ba shi lodi.

Ba a daɗe ba Baba Sannu ya dawo, jiƙe sharkaf, da 'yar leda ta tufafi ya kawo wa Harsashi. Ya zauna a ƙarshen bencin da muke. Na ce wa Hajiya ta tambaye shi wane ne a hoton. Ta harare ni ta ce, "Sai yanzu ka ga damar tambaya?" Amma ta tambaya.

Tsohon da ban taɓa jin ya haɗa kalma biyar ba, ranar sai da ya yi kusan awa yana magana, hannayensa na zana kwana a iska. Hajiya tana fassarawa, tana cewa wani abin ya fi ƙarfin Sinancinta.

Maigidansa ne. Yana saurayi ya tsallaka Makawo, wani gari a bakin teku, neman aiki, ya samu shara a wani gareji, mai garejin kuwa ɗan tseren mota ne, irin tseren da ake rufe titunan gari a yi. Shi ya koya masa kanikanci, ya koya masa tuƙi. Ya ce idan kana bakin hanya kana kallo, za ka rantse maigidan ne ya fi kowa nawa, don motar kowa na kuka tana hayaƙin taya, tasa shiru. Sai an duba agogo a ga ya ba su rata. Kafin kowane tsere da ƙafa yake zagaye hanyar, ya tsuguna a kowace kwana ya shafa kwalta da tafinsa. Takalmin yadi yake sawa don ƙafarsa ta ji abin da motar ke ji. Ba ya zagin bakanike. Idan an gama, da su yake wanke hannu a bokiti ɗaya.

Idan wanda ya fi shi gudu ya taso masa ta baya, ba ya tare hanya, hannu yake ɗagawa ya ba shi wuri. Akwai shekarar da injin babban abokin hamayyarsa ya lalace ana jajibirin tsere. Maigidan ya buɗe akwatinsa ya ba shi kayan gyaran da ya ajiye wa kansa, ya kuma tura Baba Sannu ya taya su ɗaurawa. Washegari mutumin ya cinye shi da kayan nasa. Baba Sannu ya ce shi kuka ya yi don haushi, maigidan kuwa ya je ya ɗaga hannun mutumin sama yana dariya, don a wajensa cin wanda motarsa ta mutu a gareji ba ci ba ne.

Safar hannun kuma ta tserensa na ƙarshe ce. Yana kan gaba, saura kaɗan a gama, ya tarar da motar wani ta daki bango ta kama wuta. Wasu sun wuce. Shi ya tsaya, ya fita, ya cusa hannu cikin wutar ya kwance mutumin ya janyo shi. Mutumin ya rayu har ya ga jikoki. Hannayen maigidan kuwa sai da aka yanka safar aka cire su, yatsun ba su ƙara miƙewa ba. Bai sake tsere ba. Ya koma koyar da direbobin motar asibiti da na bas ɗin 'yan makaranta, ya zauna a gefensu ya ɗora lanƙwasassun hannayensa a cinya. Baba Sannu ya ce har gobe idan ya ga wata mota ta sha kwana, yakan gane ko direban ya bi ta hannun wanda ya bi ta hannun maigidan.

Na ce a tambaye shi a wane haɗari maigidan ya mutu. Da Hajiya ta faɗa masa sai ya yi murmushi. Ya ce a kan gadonsa ya mutu, da tsufansa, bayan ya sha shayi. Lemon da turaren na watan tuna matattu ne, maigidan bai bar ɗa ba, shi ke tuna shi. Abin da yake faɗa kuma idan ya taɓa safar, alkawari ne cewa zai mai da mutanen da ya ɗauka gida.

Na shiga banɗakin asibitin na yi kukan da ban yi ba a makokin Babana.

Saura kwana biyar bizarmu ta ƙare, saura shida ya miƙa makulli. Na roƙi Hajiya ta faɗa wa mutane gaskiya. Ta ce ta faɗa sau nawa? Ta ce, "Daga bakinka ya fita, ta bakinka zai koma." Gwaggo ma da na faɗa mata komai, ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi ranar Juma'a bayan masallaci falon ke cika.

Ban taɓa magana a gaban maza uku ba, balle ashirin. Na tsaya a bakin labule, na yi sallama. Cokula suka tsaya. Na ce ni ce yarinyar da aka ce ta ga jini a motar Baba Sannu. Na ce babu 'yan Mali, babu kowa, daga bakina maganar ta fara, tsoro ne ya sa ni. Na ba su labarin lambatu, da dilolin, da maigidan. 

Alhaji Isuhu ya goge hannunsa. Ya ce, "Ɗiyata, mi kika gani da idonki?"

Na ce hoto, da safar hannu, da lemo, da turare.

"Jinin hwa?"

"Ba jini ba ne, Baba. Ƙuna ce."

Wani Alhajin Kano da ke kusa da taga ya ce to an ji, amma kunna wa matacce turare fa, wannan ai ba abin wasa ba ne, shi dai ba zai sa kayansa a inda ake haka ba. Alhaji Isuhu ya juya ya dube shi.

"Alhaji, jirgin da ya kawo ka, ka leƙa ka tambayi matuƙin mi yake bauta ma? Limanci muka ba tsohon ga ko kaya?"

Aka yi dariya, Alhajin bai yi ba. Ya tashi ya wanke hannu ya fita, mutum biyu suka bi shi. Alhaji Isuhu ya ce laifin yarinya kaɗan ne, ita ta ji tsoro, su kuwa da gemunsu suka ɗauki magana daga bayan labule suka ƙara mata gishiri. Ya ciro wayarsa ya miƙa wa Hajiya, ya ce ta kira Baba Sannu, yana da kwali arba'in da za su Nansha gobe.

Muna jin Hajiya tana ta Sinancinta, ta yi shiru, ta sake magana. Ta rufe bakin wayar da hannu ta ce ya yarda, ya fasa sayarwa, amma da sharaɗi. Idan Harsashi ya warke a dinga raba lodi da shi, kuma kafin nan zai dinga ɗaukarsa a gefensa yana nuna masa hanya, don yaron yana da hannu, kai ne ba a gyara masa ba. Wani ya ce wannan tsoho da ƙarfin hali yake, ana taimakonsa yana kafa doka. Alhaji Isuhu ya ce a ce masa an yarda.

Ba kowa ya dawo ba. Har muka taho akwai masu tsallaka titi idan sun hango farar bas. Wannan laifin nawa ne, ina ɗauke da shi.

Shi ya kai mu filin jirgi. Hajiya ta rako mu don in samu bakin magana. Da ya sauke jakunkunanmu na tsaya a gabansa, na ce Baba ka yafe mini, ni na ɓata maka suna. Hajiya ta fassara. Ya ce ya sani tun makon farko, Xiaobei ba ta da girma. Ya ƙara wata magana mai ɗan tsawo, fuskarsa a ɗaure, yana nuna motar. Na ɗauka faɗa yake yi mini. Sai na ga Hajiya ta kama ciki tana dariya.

"Ya ce ya yafe. Amma abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Ya ce kullum in ka sauka sai ka buga masa ƙofa kamar kana fushi da ita, kuma ita ba ta yi maka komai ba."

Ƙofar tana nan a buɗe yadda na bar ta. Na koma na kama ta da hannu biyu, na tura a hankali har ta ce ƙyas. Ya kasa kunne, ya gyaɗa kai.